Sitatar Malam Maharazu

Mandawari, Kano

Aminina Mikail,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kai da Hajiya Lami, da ɗanku Hashim da ya ɗauke ka daga Jakara ya kai ka Ɗambatta ya ɓoye mana. Da kunnenka yana ji da a waya zan kira ka. Tunda ya daina aiki, ga takarda nan, direban da ke zuwa garinku zai kawo maka.

Ka ji labarin faɗuwar da na yi a matakalar masallaci. Gwiwar dama ta warke, amma ba ƙarfi. Ba na iya buga kikin babur. Na gwada sau ɗaya, sai da na ga duhu. Tun daga nan ina zaure kamar tabarma. In zan leƙa rumfata ta turare a Kurmi sai na jira Abdulhakeem, mijin 'yata Sa'adiyya, ya sami sukuni, shi kuma kullum yana da uzuri. Na zauna, na tashi, na leƙa lungu, na dawo na zauna. Haka nake yini.

Ka tuna tsohon babur ɗina, Rodmasta, yana da sitata, muka yi watsi da ita tun da ta fara gardama, don lokacin ƙafa na da ƙarfi. Na sa sabon batir. In na danna maɓallin sai ta yi ta juyawa ita kaɗai tana kuka, injin ko motsi. Makanikan yanzu sun ce ba su san irin wannan ba, wai in rabu da shi. Kai ka san cikinsa. Ko ka zo, ko ka rubuto mini abin da zan yi. Zaman nan zai kashe ni kafin ƙafar.

Ka huta lafiya.
Naka,
Maharazu


Ɗambatta

Malam Maharazu,

Wa alaikumus salam. Lami na gaishe ka. Zuwa ba zai yiwu ba yanzu.

Sitatarka lafiyarta lau. Kulocinta ne ya gaji, shi ne ke kama injin ya juya shi. Ka juye baƙin mai. Ka buɗe murfin hagu. Za ka ga maganadisu, kulocin yana bayansa. Kada ka sa guduma, na san halinka. Ka je Jakara wurin Mustafa, wanda na bar wa rumfata, ya ara maka abin zare shi.

A ciki akwai 'yan ƙarafa uku masu kama da gutsuren alli, kowanne da ɗan sifirin da ke tura shi. Ka shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka taɓa su, don tsalle suke yi. In sifirin ya kwanta, ko ƙarafan sun yi gefe, a canza su duka. Ka shafa yatsa a wuyan giyar da suke kamawa. In ka ji gargada, ita ma ta tafi. Mustafa yana da tsofaffin kayan a wani gwangwani, ka ce ni na ce.

In ka haɗa, ka juya giyar da hannu. Ta tafi sumul ta gefe ɗaya, ta cije ta ɗaya gefen. In ta tafi ta ko'ina, ka sake.

Wassalam.
Mikail


Koki, Kano

Zuwa ga Baba Mikail,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da girmamawa, kai da Inna Lami. Ni ce Sa'adiyya, 'yar wajen Malam Maharazu. A gafarce ni da na shiga maganar manya.

Jiya na je Mandawari na tarar da Baba a ƙasa, ya miƙe ƙafar da ke ciwo, hannunsa duk baƙin mai, ya baje cikin babur a kan farin mayafin marigayiya Umma. Abincin da na aika yana nan a rufe. Na ce, "Baba, likita fa cewa ya yi ka huta." Ya ce, "Likita ya ce in huta, bai ce in mutu ba. Miƙo mini sufana."

Baba Mikail, tsoro nake ji. Titin Kano ba irin wanda kuka sani ba ne, 'yan adaidaita sahu ba sa duba tsoho. Babur ɗin nan nauyi gare shi, in ya tsaya da wace ƙafa zai tokare? Mun rasa Umma, ba ma so mu rasa shi a kan kwalta. Maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka ce masa kayan ba sa samuwa, ko gyaran ba zai yiwu ba.

Allah ya ƙara girma.
'Yarku,
Sa'adiyya


Ɗambatta

'Yata Sa'adiyya,

Wa alaikis salam. Allah ya yi miki albarka. Kina da gaskiya a kan titi, kina da gaskiya a kan ƙafa. Amma ba zan yi wa babanki ƙarya ba. Tun muna makarantar allo ban taɓa yi ba.

Zan gaya miki abin da ban gaya masa ba. Kafin azumi na faɗi, ɓarin jikina na hagu ya mutu. Ban sake taka ƙofar gida ba. Ana kula da ni sosai, ba abin da na rasa, amma ina kallon bango daga safe har yamma, kuma ko sallamar mai shigowa ba na ji. Na san abin da ke cin babanki. Ba zan ƙara masa ba.

Kada ki faɗa masa. In ya ji ba zai zauna ba.

Babanki,
Mikail


Mandawari, Kano

Mikail,

Salamu alaikum. Ya tashi!

Bari in ba ka labari. Sifirin ɗaya ya yi tsalle kamar yadda ka ce, na yi ta rarrafe a zaure, ashe yana cikin takalmina. Duk ukun sun kwanta, ƙarafan kuma sun cinye. Giyar da sauranta. Mustafa ya zazzage gwangwaninka ya ba ni masu kyau, ya ce zai zo ya haɗa mini, na ce ban gayyace shi ba. Haɗin farko giyar ta tafi ta ko'ina. Na kwance, na yi salati, na sake. Na biyu ta cije.

Da na danna maɓallin, tari ɗaya ya yi ya kama. Hayaƙi ya cika zauren. Liman ya leƙo yana cewa, "Malam, gobara ce?" Na ce, "A'a, ni ne na farfaɗo."

Amma ban fita ba tukuna. Sa'adiyya ta sa ido, kullum tana nan kamar 'yar sanda. Ina tayar da shi, in kashe, in sake tayarwa. Maƙwabta sun fara ƙorafi.

Kai kuma me ya riƙe ka? Ɗambatta ba Makka ba ce. Ko ba ka ji, ai ka ɗora hannu a tanki ka ji yadda yake bugawa. Ko girman kai ka koyo a gidan ɗanka? Ka ba ni amsa.

Naka,
Maharazu


Koki, Kano

Baba Mikail,

Assalamu alaikum. A tsaye nake rubutu a tasha. Na kira wayar Inna Lami ba ta shiga.

Ka yafe mini. Jiya muka yi sa-in-sa da Baba, raina ya ɓaci, na ce, "So kake ka koma kamar Baba Mikail da ke kwance?" Ya dube ni ya ce, "Kwance?" Yau da safe na zo, zaure a buɗe, ba shi ba babur. Ya bar wayarsa a kan buzu. Mai shayin bakin lungu ya ce ya ga ya yi hanyar Ƙofar Mazugal.

Abdulhakeem yana zaga asibitoci. Na roƙi direban nan ya riƙa duba gefen titi. In ya iso, don Allah a sanar da ni.

Sa'adiyya


Ɗambatta

'Yata Sa'adiyya,

Wa alaikis salam. Hashim ya riga ya kira ki, amma ina so ki ji daga gare ni. Yana nan. Takardarki ta riga shi isowa, don a hankali ya taho, yana bin gefe.

A ƙofar gida ƙafar ta ƙi tokarewa, suka kwanta shi da babur ɗin a kan yashi. Ƙujewa ce kawai a gwiwar hannu. Ya shigo yana ɗingishi, ya tsaya a kaina yana ta faɗa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga bakinsa, na san zagina yake yi. Da ya gaji ya zauna a gefen gadon, ya riƙe hannuna, wanda ya mutun.

Da yamma ya rubuta mini a bayan kwalin magani cewa ba zai iya komawa Kano a kan babur ɗin ba. Shi ya faɗa da kansa, ba wanda ya sa shi. Kada ki ce kin sani.

Ki turo Abdulhakeem da mota. Amma ba gobe ba. Muna da magana da yawa, kuma rubutu ba ya sauri.

Babanki,
Mikail