Maigidana Ya Daina Ɗaura Laktaye

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya kulle.

Maigidana malamin lissafi ne a sakandare, kuma tun kafin mu yi aure yake tara laktaye, wannan da ake ɗaurawa a wuyan riga. Ba ruwansa da sabo, sai na da, mai faɗin tafin hannu. Duk inda aka buɗe dilar gwanjo yana wurin, yana shafa siliki yana duba ɗinkin baya. Rabin durowata ya cinye. Na yi mita har bakina ya gaji, tsumman matattu nake ce musu. Shi kuwa ko a jikinsa, kullum da safe yana gaban madubi, yana ɗaurawa yana fito.

Kwatsam sai ya daina. Da farko daɗi na ji, ba zan ɓoye miki ba. Sai na lura maɓallin riga ma da ƙyar yake sawa, cokali yana suɓuce masa. Gabana ya faɗi, domin shanyewar jiki ce ta kwantar da mahaifinsa, kuma daga hannu ta fara. Da ƙyar na ja shi asibiti. Alhamdulillahi, likita ya ce ba ita ba ce, jijiya ce ta danne a wuyan hannu. Ƙaramin aiki za a yi, sai dai yatsun za su ɗauki watanni kafin su koma daidai. A hanyar gida na yi ta kukan farin ciki, har mai tasi ya fara yi mana ta'aziyya.

To ga damuwar. Jiya na tarar ya kwashe laktayen kaf cikin kwali, wai zai mayar wa mai gwanjo. Ya dube ni ya ce, "Ga shi, kin huta." Anti, ban huta ba. Yanzu wuya a sake yake tafiya aji, kansa a ƙasa, kuma abin yana ci mini rai. Ƙaninsa ya ce in kawo ya ɗaɗɗaure su a ɓoye, yayan nasa ya riƙa zurawa ta ka kawai. Ni kuma ina tsoron ya ga mun mai da shi abin tausayi. In bar shi ya bayar, ko in bi ta ƙanin nasa?

Matar Malam

'Yar'uwa, barka da arziki. Babban abin tsoron ya wuce, wanda ya rage mai sauƙi ne.

Mitarki ta baya ba laifi ba ce, kowace mace tana son wurin ajiye kayanta. Amma shi ma ki fahimce shi. Ba laktayen ne suka fita ransa ba, kunya ce. Mutumin da ya saba shirya kansa tsaf, yau maɓalli ya gagare shi, gara ya ce ba ya so da ya ce ba ya iyawa. Kada kwalin nan ya bar gidan kafin hannun ya warke. Kayansa ne, in ya warke ya ce zai bayar, shi ke nan.

Shawarar ƙaninsa da kyakkyawar niyya ya kawo ta, amma ki ajiye ta. Ɗauri in ya daɗe a tsohon siliki yana karya shi, kuma mai kaya da ganin ƙullin zai san ba nasa ba ne.

Gobe da safe ki buɗe kwalin a gabansa, ki zaɓi wanda kika fi zagi, ki ce ya koya miki ɗaurawa. Ki tsaya a bayansa ku fuskanci madubi, ta gaba hannunki zai rikice. Za ki ɓata, zai yi faɗa, ki bar shi ya yi. Malamin da ke gyara wa ɗalibi kuskure ba ya jin kansa majinyaci.

Allah ya sa a yi aikin a sa'a, ya kuma ba ki haƙurin zama ɗalibarsa.