Harafi Ɗaya da Ya Sa Na Zagi Baiwar Allah

Zuwa ga Daraktan cibiyar da ta koya mini buga rubutu a kwamfuta, Zuru.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni tsohuwar ɗalibarku ce, ina buga wa mutane takardu a wani shago a Rikoto. Takaici ne ya sa na rubuto a fili.

1. Wata shida kuna horar da yatsunmu a kan jerin haruffan Turanci. Da na tambayi malaminmu inda ƙ, ɗ da ɓ suke, dariya ya yi, ya ce in sa k, d da b, mai karatu zai gane.

2. A daminar bana wani dattijo daga Danko ya kawo wasiƙa zuwa ga surukansa, yana ƙaryata zancen da ake yi wa matar ɗansa, Saratu. Ya rubuta da hannu: "Game da Saratu kuwa, wannan ƙarya ce." Na buga yadda kuka koya mini. Da aka karanta a gaban dangi, mahaifinta ya miƙe ya ce an kira 'yarsa karya. Har yau Saratu tana gidansu, dattijon kuma ya zo shago ya tsine mini a gaban mutane.

3. Malamin nan ya sha faɗa mana wannan jerin haruffan Turanci ya fi kowanne sauri. Daga baya na ji an tsara shi ne don tsohuwar tafireta, kuma don Turanci. Wani tsohon soja ne ya nuna mini haruffanmu duka a wayarsa, ya ce kwamfuta ma tana karɓa. Ashe ganda ce kawai ta hana ku. Abin kunya ne a garin da ake wa'azi da ciniki da Hausa, balle C'lela, yaren mutanen garin nan, da ko ambatonsa ba ku yi.

Ina roƙo ku sa haruffan nan a kwamfutocinku, ku koya wa ɗalibai, ku kuma kira mu tsofaffi mu gyara hannu. Sannan ku aika wa mahaifin Saratu takarda, ku shaida masa dattijon bai zagi 'yarsa ba. Ni na je har sau biyu, ba a saurare ni ba.

Allah ya ba ka ikon gyarawa, ya tsare ka daga zagin da ba ka yi niyya ba.

Wassalam.

Taka,
Rifkatu, mai buga takardu, Rikoto.