Inna Ta Shaƙi Hayaƙin Ɗanta

Laraba, 9 ga Afrilu, Gyadi-Gyadi

Yau na yi nasara!

Tun azumi nake roƙon maƙwabcinmu Alhaji Sabo ya ɗauke janaretonsa daga bakin tagar Ummi, jikata mai asma. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Hajiya, ai iska tana kwashewa." Ta kwashe ta kai ina? Na karanta cewa ƙananan halittun teku sun yi miliyoyin shekaru suna fitar da iskar da muke shaƙa, shi kuma yana ɓata mana ita don kallon ƙwallo.

Da la'asar mahaifiyarsa Inna ta zo daga Darmanawa. Na gayyato ta shan fura, na shimfiɗa mata tabarma a ɗakin Ummi. Aka ɗauke wuta, Alhaji Sabo ya tayar da inji. Inna ta yi tari har da hawaye.

"A nan yarinyar take kwana?"

"A nan, Inna."

Ta leƙa taga. "Kai, Sabo! Jikar mutane za ka kashe?"

Da kansa ya ja injin can nesa, yana tattare babbar riga. Allah ya yafe min tarin Inna. Yanzu Ummi tana barci lafiya, ƙirjinta shiru.