Ciyawar da Maigidana Bai Zaɓa Ba

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara, na faɗi wata magana da ta hana ni sakat.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shekara ashirin da shida ya yi yana kula da ciyawa a filin wasan golf, musamman wurin nan mai santsi da ke kewaye da rami, inda ƙwallo ke gangarawa a hankali. Ciyawar wurin ta tsufa, rana na ƙona ta, ruwan rijiyar filin kuma ya fara gishiri-gishiri. Sai aka ce ya gwada iri daban-daban ya zaɓo wadda za a shuka. Shi ne fa ya mayar mini da tsakar gida wurin gwaji, har igiyar shanyata sai da ya matsar.

Kala uku ya shuka, kuma da ruwan filin yake ba su, a jarka yake ɗauko shi. Ta farko laushi gare ta kamar gashin jariri, amma shagwaɓaɓɓiya ce, rana na ɗagawa sai ta langaɓe. Ta biyu dangin kiri-kiri ce, akwai son rana da saurin toho, sai dai ruwan yana sa bakin ganyenta ja. Ta uku kore shar, tana sheƙi, gishirin ko a jikinta. Kullum da safe yakan durƙusa ya gangara ƙwallo a kan kowacce, ya kasa kunne kamar za ta gaishe shi. Har tsokanarsa nake, wai ciyawa ta fi ni samun hira. Da yamma kuwa kan mai laushin muke zama, babu takalmi, yana kurɓar shayi, ina kallon tsuntsaye na komawa gida.

Bai kai wa masu filin amsa ba ya rasu. Da manajan filin ya zo ta'aziyya, ya tambaye ni ko marigayin ya taɓa faɗa mini zaɓinsa. Anti, bakina ya riga ni, na ce mai laushin. Alhali sau biyu ina ji da kunnena ya ce ta ukun ce za ta rayu. Wata mai zuwa za su shuka.

Tun ranar, in ina ban ruwa sai in lula. In ga fili shimfiɗe da ciyawarmu har iya ganin ido, raɓa na ƙyalli, shi kuma yana tafe a kai cikin farar rigarsa, bai waiwayo ba. Sai in farka in ga jarka ta ƙare a hannuna. Ɗana ya ce in manta, ai ciyawa ce kawai. Ni kuwa kunyar komawa nake ji, kuma zuciyata na son mai laushin. Yaya zan yi?

Mai ban ruwa a tsakar gida

'Yar'uwata, Allah ya jiƙan maigida, ya ƙara miki haƙuri.

Ba mugunta ce ta sa ki faɗi haka ba, kewa ce, kuma duk wanda ya taɓa rashi zai fahimce ki. Ɗanki ma tausayinki yake ji. Amma a nan bai yi daidai ba. Idan aka shuka mai laushin zafi ya cinye ta, cewa za a yi zaɓin marigayi ne, aikin shekara ashirin da shida ya tashi da tabon da ba shi ya jawo ba. Ke kuma ba za ki ji daɗin wucewa ta gefen filin ba.

Ki kira manajan a makon nan, kafin su sayo iri. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki ce ranar hankalinki ba ya jikinki, ga abin da maigida ya faɗa. Ki gayyace shi ya zo da ƙwallonsa ya gwada ukun da kansa, ki gaya masa yadda kowacce ta yi lokacin zafi, don yanzu babu wanda ya kai ki saninsu. Kunyar ba za ta wuce minti biyar ba.

Mai laushin kuwa ki bar ta a gida, can ta dace. Ki yi mata inuwa, ki riƙa ba ta ruwan famfo, ki kira jikoki su yi birgima a kai. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya sa aljanna ce makomarsa.