Wane Buroshi Zan Kai Wa Stamatis Ranar Aurensa?

Goggo Fotini, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zai sa a daina gaishe ni a garinmu, ko da yake in faɗa miki gaskiya, aikata shi nake son yi. Tambayata a kan buroshin askin gemu ce, amma sai kin ji tushen maganar.

Shekara talatin da wani abu ke nan da na yi aure. Kin san yadda muke yi: safiyar biki kumbaro, babban abokin ango, shi ke yi wa ango aski a tsakar gida, mai goge na kiɗa, mata na waƙa, dangi sun kewaye. Nawa kumbaron Stamatis ne. Tare muka tashi, tare muka yi aikin soja. Ni kuwa Allah ya yi ni da 'yar fuska siririya, tafin hannu ɗaya ya rufe ta. Fuska irin tawa ba ta wuce buroshin da faɗin ƙullin gashinsa milimita ashirin ne, in an matsa ashirin da biyu. Stamatis ya san haka sarai, don a bariki nawa yake aro.

To me wannan ɗan banzan ya yi? Ya tafi har birnin Volos ya samo wani ƙaton buroshi mai ƙulli talatin da biyu, irin wanda masu shagon aski ke ajiyewa a taga don ado. Da ya sha ruwa ya buɗe, wallahi ya kusa kan kabeji. Shafa ɗaya ya yi mini, ido da hanci da kunne duk suka ɓace. Na buɗe baki in yi magana, kumfa ta shiga. Na yi atishawa, ta fantsama a sabuwar rigar surukata. Mai goge ya ajiye gogen don dariya. Shi kuwa gogan naki sai ihu yake, "Jama'a, ango ya ɓata! Wa ya ga ango?" Surukina, Allah ya ji ƙansa, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Wanda buroshi ya fi ƙarfinsa ne zai riƙe mini 'ya?" Haka na shiga coci ido jajur saboda sabulu, kowa ya ɗauka kuka na sha. Har gobe in matata Marika ta so tsokanata sai ta ce, "Malam, ka tuna ranar da ka yi kukan aurena?"

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Tun ranar aka laƙaba mini Kumfa, sunana na yanka ya bi ruwa. Daga baya Stamatis ya buɗe gidan gahawa a dandali, ya sa hoton ranar a firam ya rataye saitin ƙofa. Duk baƙon da ya shigo sai ya ja hannunsa ya nuna masa, ya kuma nuno ni da haɓa in ina zaune. Nakan yi dariyar yaƙe, don in ka nuna fushi a wurin nan ka ƙara wa kanka. Amma bana na ji abin da ya ƙona mini rai. 'Yata malamar makaranta ce a garin, ashe ɗalibanta a bayan idonta Malama Kumfa suke ce mata. Yarinyar da ba a ma haife ta ba lokacin!

Yanzu ga yadda Allah ya juya lamarin. Matar Stamatis ta rasu shekarun baya, zai sake aure wata mai zuwa, wata bazawara ce daga ƙauyen gaba, Kalliopi. Ya zo har gidana, hula a hannu, ya ce, "Kumfa, ɗan'uwana, ba ni da wanda zan miƙa wa wuyana sai kai." Kin ji? Ko a wajen roƙon ma Kumfa! Na rungume shi na ce faɗuwa ta zo daidai... a'a, ban faɗa masa haka ba, cewa na yi na amince, zuciyata kuwa tana ta tsalle.

Da farko na yi niyyar in yi masa irin abin da ya yi mini. Na sayo mai talatin da biyu, gashin dage, mai laushi. Sai da na zauna na ƙare wa mutumin kallo yana zuba gahawa, na gane kuskurena. Fuskar Stamatis faranti ce, Goggo, ga kumatu, ga haɓa hawa biyu. Wannan buroshin daidai da shi ne! Lumshe ido kawai zai yi ya ji daɗi, ya ma gode mini. Na kusa jefa buroshin a teku.

Sai wata dabarar ta zo mini. Akwai 'yan ƙanana na matafiya, ƙulli sha shida, gashin aladen daji. Sabo fil, in ba a jiƙa shi ba, tsintsiya ce. Da shi sai in yi ta kai da kawo a wannan fuskar tasa mai kamar filin ƙwallo, kafin in gama kunci ɗaya kumfar ɗayan ta bushe, aska ta bi ta kan busasshiyar fata. Ya shiga coci fuska kamar tumatir, mai ɗaukar hoto kuwa na riga na yi magana da shi. Marika ta ce na haukace, amma tana dariya ta faɗa.

To wanne zan ɗauka? Ko akwai wanda ya fi talatin da biyu da ban sani ba? Kada ki ce in yafe, limamin cocinmu ya riga ki, kuma bai ji da daɗi ba.

Naki, Wanda Aka Ƙwace Wa Suna

*

Ɗan'uwana Wanda Aka Ƙwace Wa Suna,

Ba zan ce ka yafe ba. An cuce ka. Wasan safiya ɗaya daban, hoton da ya shekara talatin a bango daban, kuma ranar da abin ya kai ga 'yarka ya tashi daga wasa. Ka yi fushi, kana da gaskiya.

Amma ka ji ta ɗaya ɓangaren. Kai da bakinka ka ce dariya kake yi duk lokacin da ya nuna hoton. Ina kyautata zaton wannan sakaran har yau yana ganin labarin ku biyu ne mafi daɗi a duniya, kuma kana jin daɗinsa kamar yadda yake ji. Bai taɓa ji daga gare ka ba. Wannan bai wanke shi ba, amma ka sa shi a lissafi.

Yanzu maganar buroshi. Na yi wa marigayi mijina aski da hannuna tun da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi har ya bar duniya, don haka na san abin da nake faɗa. Ɗan sha shidan nan ka mayar da shi aljihun tebur. Busasshiyar kumfa da tsohuwar fata da aska a hannun mai fushi, ba jan fuska suke kawowa ba, jini suke kawowa. Kuma wadda za ta tsaya gefensa a coci Kalliopi ce, matar da ta binne miji ta sake samun ƙarfin halin sa farar riga. Ba ta yi maka komai ba. Ka lalata mata ranarta, garin zai manta da Kumfa ya sa maka sunan da ya fi shi muni, shi ma 'yarka ce za ta gada. Fuska irin ta Stamatis ashirin da huɗu take so, ko ashirin da shida: yana riƙe kumfar da za ta ishi kumatun ba tare da ya shiga hanci ba. Ka jiƙa shi a ruwan ɗumi tukuna.

Ramuwar kuwa ga ta, kashi biyu. Kafin biki ka je gidan gahawar lokacin da ya cika, ka ce masa a gaban kowa, ba da dariya ba, kana da sharaɗi: ya hau kujera ya sauke hoton nan da hannunsa, ya miƙa maka, ya kira ka da sunanka na gaskiya. Ka gaya masa abin da ake ce wa 'yarka. In ya ƙi, ka ce ya nemi wani kumbaron, kada ka kuskura ka riƙe aska a wuyan wanda kake jin haushi.

In ya yarda, kuma zai yarda, to ranar biki ka zo da ƙaton nan naka mai talatin da biyu. Ka fito da shi a hankali, ka tsoma a ruwa, ka bar shi ya buɗe a gaban idonsa. Ka yi ta kaɗa kumfa har ta tumbatsa, kada ka yi sauri, ka bar jama'a su fara shewa, ka bar shi ya haɗa gumi ya runtse ido yana jiran abin da ya san ya cancanta. Sannan ka ajiye shi, ka ciro mai ashirin da huɗu daga aljihu, ka yi masa askin da bai taɓa samun irinsa ba. Mai hoton naka ya ɗauke shi daidai lokacin da ya runtse idon. Ƙusar da ke saitin ƙofa ai tana nan, kuma babu komai a kanta.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya daidaita maka hannu. In ka sake rubuto mini, ka sa sunanka.

Goggo Fotini