Babu Alkama a Kofi na Huɗu

Bardstown, Kentucky
9 ga Satumba

Zuwa ga yayana Wendell,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Corrine da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga sanyin Alaska da na ji an ce har ya fara leƙowa, alhali mu nan fanka ba ta huta ba tukuna. Mu ma lafiya lau muke, sai godiya. Mama na nan yadda ka san ta, ta cika kwalba sittin da tumatirin lambunta amma tana cewa shekarar ba ta yi albarka ba. Gwiwar Baba ta dama na damunsa idan hadari ya haɗo, amma yana takawa. 'Yarmu Tessa ta koma makaranta a Lexington, gida ya yi mana faɗi. Maigidana Burl kuwa ya ƙara ƙiba, ya ce ba shi ba ne, wandunan ne suka tsuke a wanki.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, tunda kusan kowane mako muna waya. Labarin da ke bakina ba na waya ba ne, in na fara dariya za ta ci ƙarfina, kai kuma ka ce layi ne ba kyau. Sannan akwai abin da na ɓoye maka tun farkon shekara, don Baba ya sa na yi alkawari. Ka tuna murar nan mai tsanani da ta kwantar da shi a watan Janairu? Ya warke, amma ta tafi da hancinsa. Mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗaya yana ɗanɗana wiskin burbon a kamfani, wanda ganga ba ta fita daga sito sai ya shinshina ya gyaɗa kai, sai ga shi albasa na ƙonewa a kicin yana zaune yana karanta jarida bai sani ba. Gaskiya, Yaya, ya ba ni tausayi ƙwarai. Har shagon aski ya daina zuwa, inda tsofaffin ma'aikata ke taruwa, don kada wani ya miƙo masa kofi ya ce Virgil faɗa mana.

Ana nan sai ga takarda daga kamfani. Bana suna cika shekara casa'in, kuma suna so Baba ya zaɓi gangar da za a buɗe don bikin, daga cikin shida da suka ware, ranar sha takwas ga Oktoba. Sun ce ya ba su amsa kafin tsakiyar wannan watan. Ranar Laraba na je gidan na tarar ya rubuta musu cewa ba zai samu dama ba, wai saboda gwiwa, har ya manna kan sarki. Na ce masa gwiwar da take kai shi kamun kifi ba za ta kasa kai shi sito ba, na roƙe shi ya ba ni Asabar ɗaya in gwada hancinsa kafin ya aika. Ya ce taurin kaina na Mama ne ba nasa ba. Da ƙyar ya yarda, amma ya kafa sharaɗi: kofi huɗu, duka na alkama, kada ya ga kwalba ko ɗaya, kuma in ya kuskure ɗaya tak takarda ta tafi, kada in ƙara tayar masa da zancen.

Kai da ka gudu ka bar sana'ar gidanku kana gyaran injin jirgin ruwa, bari in tuna maka karatun. Masara ce uwar tafiya a kowane burbon, hatsin da ke biye mata shi ke raba hali. Yawanci suna sa wani dangin alkama da ake kira hatsin rai, mai cizon harshe kamar masoro. Su Baba kuwa alkama suke sawa, shi ya sa nasu yake sauka a hankali ba ya faɗa da maƙogwaro. Na samo kwalba huɗu. Ta farko ta yau da kullum ce da ake samu a kowane kanti. Ta biyu ta kamfanin su Baba, mai shekara bakwai. Ta uku Kawu Hoyt, ƙanen Mama, ya kawo, mai ƙarfin gaske wadda ba a sirka da ruwa ba. Ta huɗu kuwa ita ce ta Burl mai shekara sha biyu, wadda ya yi layin awa biyar cikin sanyi kafin ya samu. Sau ɗaya ya taɓa buɗe ta, ranar da Tessa ta gama sakandare, sannan ya kai ta kabad ɗin kicin ɗin Mama ya ɓoye a bayan buhun fulawa don kada ƙannensa su shanye. Ya ce wa zai nemi wiski a gidan matar da take koyar da yara a coci, wadda ko ɗigo bai taɓa shiga bakinta ba.

Ranar Asabar bayan abincin rana muka zauna a baranda. Baba ya hana kowa shan kofi tun safe, ya kori Kawu Hoyt ya je ya wanke wuyansa, ya ce ko shi da ba shi da hanci idonsa na yaji da turaren nan. Ni kaɗai na shiga kicin na zuba, na rubuta lamba a gindin kofunan, na fito da su da tulun ruwa da busasshen biskit marar gishiri. Mama ta ce ita ba ruwanta da shagalin mashaya, ta koma ciki tana wanke-wanke, amma na lura ta bar taga a buɗe.

Kofi na farko Kawu Hoyt ya kurɓa ya ce ruwan wankin kwano ne, ba ya shan wannan ko a jana'iza. Baba bai kula shi ba. Ya juya kofin, ya kai hancin dama sannan na hagu, baki a ɗan buɗe yadda ya saba, ya kurɓa ya zagaya da shi ya tofar a gwangwani, don ka san har yau ba ya haɗiyewa in yana aiki. Ya ce yaro ne wannan, bai wuce shekara huɗu a ganga ba, burodi mai ɗumi da ɗan zuma, ba shi da laifi sai rashin kwana biyu a duniya. Na biyu ya daɗe a kansa. Ya ce nasu ne, kuma daga benen sama, inda zafin rani ke tura shi cikin katako, shi ya sa ake jin ƙonannen sukari da ɗan ɗaci a ƙarshe. Na uku Burl ya yi masa babbar kurɓa don nuna jarumta, sai ga hawaye da tari, Kawu na bubbuga masa baya yana cewa suruki ai wannan ba na yara ba ne. Baba ya ɗiga masa ruwa kaɗan, ya jira, ya ce yanzu ya buɗe baki, ga kirfa ga man shanu, kuma na Hoyt ne, don duk abin da Hoyt zai saya sai mai ihu. Uku ke nan, duka daidai. Ni dai har na fara murmushi, amma fuskar Baba ba ta sake ba.

Da aka zo na huɗu, Burl ya riga ya ƙirga ya gane tasa ce ta rage. Ya lumshe ido, ya kurɓa, ya ce jama'a ku ji alkama, laushi kamar auduga, wannan shi ne abin da shekara sha biyu ke yi. Kawu Hoyt da ya ga inda iska ta kaɗa ya ce shi tun daga launi ya gane, wannan ne sarkinsu, har yana jin ƙamshin sirdin fata da tsohon ɗakin karatu. Kawun da rabonsa da ɗakin karatu tun yana firamare. Baba ya shinshina, ya ajiye. Ya shinshina bayan hannunsa don ya wanke hanci, ya sake ɗauka. Sannan ya yi abin da na daɗe ban ga ya yi ba, ya zuba ɗigo biyu a tafi, ya murza har ya bushe, ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Ya ɗago ya ce a hankali, "Babu alkama a kofin nan. Hatsin rai ne, kuma bai kai shekara uku ba."

Yaya, na tabbata ya kuskure. Ni na zuba da hannuna, na san daga inda ya fito. Burl ya sunkuyar da kai, Kawu Hoyt ya shiga kallon itatuwa. Baba ya dubi fuskata ya ce in kawo kwalbar. Na kawo. Ya karanta takardar jikinta, ya juya ta gaba da baya, ya ce to shi ke nan, alkawari alkawari ne, Litinin in biya gidan waya. Bai yi fushi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Sai na ga kamar ya tsufa da shekara goma a kujerar nan, na ji haushin kaina da na ja shi gaban mutane don ya ji kunya.

A daidai nan Mama ta fito, tana goge hannu a gaban riga. Ta dubi kwalbar, ta dubi Baba. Ta tambayi Burl ko wannan ce wadda take bayan fulawa, ya ce ita ce. Ta ja kujera ta zauna, ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wai a Kirsimetin bara tana cikin yin alewar cakulan mai burbon ta kasuwar coci, curi ɗari uku, sai na girkinta ya ƙare, kanti kuma ya yi nisa. Ta tuna da ta Burl, ta ce bari ta ɗan ara cokali biyu. Daga cokali biyu aka koma kofi, kafin ta ankara kwalba ta ga ƙasa. Bayan biki ta sayo irin wadda take saya ta girki, mafi araha a kanti, ta ɗura masa har inda ta same ta, ta mayar bayan fulawa. Ta ce ita a ganinta duk ruwa ɗaya ne mai launin shayi, ba ta san akwai wanda zai tsaya yana tambayar hatsin ciki ba.

Baba ya tambaye ta ko mai jan marfin nan ce ta layin ƙasa. Ta ce ita ce. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ba mu ji ba tun bara, har yana riƙe gwiwa. Burl kuwa baki buɗe, ya ce Mama awa biyar fa na yi a tsaye cikin sanyi. Ta ce masa ai ba ta tafi a banza ba, shekara talatin tana alewar nan ba a taɓa sayar da ita kaf kafin azahar ba sai bara, har matar fasto ta bi ta mota tana neman sirrin. Kawu Hoyt ya yi gyaran murya ya ce shi dama ya ji wani abu bai yi daidai ba, ladabi ne ya hana shi faɗa. Baba ya ce masa ya koma ɗakin karatun ya ƙara shinshinawa. Burl ya yi kwana biyu yana kumbure-kumbure, amma Mama ta aiko masa da fanke na tuffa, sun shirya.

Da kowa ya watse na tsaya kwashe kofuna, Baba ya ce in zauna. Ya faɗa mini cewa tun watan Mayu ya fara jin ƙamshi yana dawowa kaɗan-kaɗan, amma bai yarda da shi ba. Yana ganin kansa ne ke yi masa ƙarya, yana ɗauko abin da ya sani tun da yana sa masa a hanci. Ko kofuna ukun farko ba su gamsar da shi ba, don ya san kwalaben da ke gidajenmu, mai wayo zai iya cinka. Na huɗun ne kaɗai bai da hanyar sani. Kowa ya ce alkama, takardar kwalba ta ce alkama, shi kansa yana so ta zama alkama, hancin ya ƙi. Ya ce da ya bi bakin mutane ya yaba, da ya ci jarrabawata, kuma da har ya mutu bai san ya warke ba. Na kama hannunsa na riƙe.

Ranar Litinin da kansa ya buga wa kamfani waya ya ce yana zuwa. Ga kuma dalilin da ya sa na zauna na rubuta duk wannan. Ganga biyu daga cikin shidan suna bene na shida, babu na'urar hawa, sai matakala, kuma sun ce zai iya zuwa da mutum ɗaya ya riƙe shi. Na ce ni zan je, Burl ya ce shi zai je. Baba ya ce a'a, Wendell yake so, shekara arba'in da ɗaya yana aiki a wurin nan ɗansa bai taɓa ganinsa yana yi ba, kuma wannan ce gangarsa ta ƙarshe. Ya ce kada in matsa maka, ya san hanya da nisa kuma aiki ya yi maka yawa. Ni dai ban yi masa alkawarin hakan ba. Ka zo, Yaya. Ba zai taɓa roƙonka da bakinsa ba, amma jiya na same shi yana hawa matakalar gida yana sauka, yana ƙirgawa.

Ka gaishe mini da Corrine da kyau, ka ce mata zanin gadon da ta aiko ya iso. Ka shafa mini kan Ansel da Maybelle. Mama tana gaishe ku, ta ce ka riƙa sa hula. Burl da Tessa suna gaisuwa, Kawu Hoyt ma ya ce a gaishe ka. Allah ya kiyaye hanya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa mai jiran amsa,
Nadine