A Sauko Mana da Keken Malam Daga Kan Tudu

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar masu hawan keke na ranar Asabar, Sakkwato.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka da mutanenka duka, da fatan iyalanku suna lafiya, gwiwoyinku ma suna lafiya. Ni ce Hajara, matar marigayi telan nan na Tudun Wada da kuke ce wa Na-Baya, don kullum shi ne na ƙarshe a ayarinku. Na aika gidanka, aka ce ka tafi hawan keke. Na sake aikawa, aka ce kana kwance, gajiyar keke. Shi ya sa na rubuta a fili. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ka yi haƙuri da abin da ka gani.

Na gode da zuwanku jana'iza. Yara sun ce da farko ba su gane ku ba, don kun sa manyan riguna.

Ka san yadda Malam ya shigo cikinku. Likita ne ya ce ciwon sugansa yana son motsa jiki, sai ya bi ku da baƙin kekensa na zuwa shago, wanda ya girmi babbar 'yarmu. Kuna ɗora kekuna a mota zuwa Wurno, daga can ku zagaya tuddai. Hanyar ta bi ta Gidan Bawa, ƙauyensu, inda Inna mahaifiyarsa take. Duk Juma'a nakan ƙulla goro da sabulu da ɗan kilishi, ya ɗaure a kariyar bayan keke. Ku kuna motsa jiki, shi yana zumunci. In ya dawo ba ya kukan ƙafa, kukan wandunanku yake yi. Yana cewa shi tela ne, abin yana masa ciwo, ga yadi cike da kasuwa amma manyan mutane suna yawo a ɗaure kamar tsire.

Ina cikin takaba sakatarenku ya tsaya a zaure, ya aiko cewa a ba su aron keken, za a karrama Malam. Na zaci wani zai hau shi ya zagaya sau ɗaya a dawo da shi. Ban tambaya ba. A kwanakin nan ko ƙofar ɗakina aka ce a ba da aro, zan bayar. Da na fita takaba na tafi gaida Inna. Motarmu tana kaiwa kan tudun nan na bakin ƙauye sai na hango keke a sama, fari fat, taya da sirdi da sarƙa har ƙararrawa, an yi masa walda a kan dogon ƙarfe. Da igiyar robar da ke kariya na gane shi, ni na yanko ta. An ce mini al'adar 'yan keke ce a ƙasashen waje. To, ga abin da al'adar ta yi mana.

Na ɗaya, allon da kuka kafa. Kun rubuta wai a nan Na-Baya yake haye tudu bai sa ƙafa ƙasa ba. Ranka shi daɗe, kai ma ka sani, Malam bai taɓa hawa tudun nan a kan keke ba. Turawa yake yi. Da bakinsa ya gaya mini cewa sun yi yarjejeniya da keken: a shimfiɗe keke ya ɗauke shi, a tudu shi ya ɗauki keke. In ya kai gindin gawon nan na tsakiyar hawa sai ya jingine shi, ya cire hular kwanon da yake ɗorawa a kan hularsa, ya zauna sai numfashi ya dawo. Malam tela ne, in ban da ranar karɓar ɗinki bai san ƙarya ba. Kada ku ɗora masa wata yana kabari.

Na biyu, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Wani malamin makaranta a ƙauyen ya duba waya, ya ce farin keke alama ce ta wanda ya mutu a hanya. Kafin azahar labari ya gama gari cewa daga tudun Malam ya faɗo, mun ɓoye. Aka koma wa Inna ta'aziyya ta biyu. Malam a ɗakinsa ya cika, a kan gadonsa, bayan 'yar gajeriyar jinya, da kalmar shahada a bakinsa, ina riƙe da moɗar da ya sha ruwa. Amma ranar da na je, tsohuwar nan da ba ta gani sosai ta kama hannuna da hannu biyu, ta ce in ji tsoron Allah in gaya mata, ɗanta ya karye kafin ya tafi? Na rantse mata, amma ban ga alamar ta yarda ba. Wannan tambayar ban gama yafe muku ita ba.

Na uku, mutanen Gidan Bawa. Mai waldarku bai kama tayar gaba ba, in iska ta kaɗa sai ta riƙa juyawa ita kaɗai. Masu nono sun daina bin tudun, suna zagayawa ta kwari, kafin su kai kasuwa nonon ya yi tsami. Jakin wani mai itace ya ga keken ya tsaya cik, sai da aka rufe masa ido da rawani. Da idona kuma na ga ƙwai da 'yar ƙwarya a gindin ƙarfen. Mutumin da bai yarda sahun farko ya wuce shi a masallaci ba, yau shi ake ajiye wa ƙwai. Inna lillahi.

Na huɗu, gado. Malamin da zai raba ya ce sai an kawo komai gabansa. Kayan shago suna nan, keken hawa yana sama. Sani, ƙanen Malam, yana yawo cikin dangi yana cewa na sayar na ci. Na ce ya je Gidan Bawa ya ɗaga kai. Ya je, ya dawo, ya ce wancan fari ne, na yayansa baƙi ne. Yanzu rabo ya tsaya, marayu suna jira, ni kuma na zama abar nuni a gidan suna.

Na san ba da mugunta kuka yi ba. Kun so shi, shi ma ya so ku. In ya yi jinkiri a gindin gawo, ya ce mini kullum akwai wanda zai juyo ya duba shi, wani lokaci kai da kanka. Saboda wannan nake roƙo, ban kai ƙara ko'ina ba.

A tura mai walda ya sauko da keken, a wanke fentin har baƙinsa ya fito yadda Sani zai gane shi. A cire allon. Sakatarenku ya je wurin Inna da ƙafarsa, cikin dogon wando, ya durƙusa ya gaya mata shi ya ari keken daga zaurenmu bayan an yi sadakar bakwai. Daga bakinsa za ta yarda.

In kuna son karrama Malam, ku kafa randa da moɗa a gindin gawon nan, ku cika ta duk Asabar. Masu nono za su sha, mai jaki zai sha, ladan ya isa gare shi. Ku ma za ku sha, don ya gaya mini da yawanku a nan kuke sauka in mai ɗaukar hoto ya yi gaba.

Saura ƙararrawa. Duk Asabar bayan la'asar, kafin ya yi sallama sai ya kaɗa ta a ƙofar gida, ni kuma in tashi in dama fura. Har yanzu in lokacin ya yi kunnena yana ƙofa. Na gaya wa mai rabo ya sa ta cikin tumunina, keken ya tafi ga wanda ya faɗa wa. Don Allah ka ce wa mai walda ya kwance ta da hannu kafin ya kunna wuta, kada kuma kowa ya kankare ta da wuƙa. A kawo mini ita da fentinta, ni zan goge abata a hankali.

Allah ya tsare ku a hawa da gangara, ya kiyaye muku birki, ya jiƙan iyayenku, ya jiƙan Na-Baya, ya sa can bai zo a baya ba.

Wassalam.

Hajara, matar marigayi,
Minanata, Sakkwato.